Randar da Aka Hana Gumi

Akwai wata tsohuwa a ƙauyenmu, kusa da garin Klaten, ana ce mata Mbah Warsini, wato Kaka Warsini. Duk wanda ya taso a layinmu ya san randar da ke ƙofar gidanta, da modarta ta ƙoƙon kwakwa. Mijinta marigayi Pak Sastro ne ya gina ta. Maginin tukwane ne, rabi ya sayar, rabi ya kyautar.

Wallahi har yau ban sha ruwa mai daɗin na randar nan ba. Kullum jikinta a jiƙe, gindinta duk gansakuka. Masu dawowa daga gonakin shinkafa nan suke yada zango, su sha, su taɓa gulma, tsohuwa na zaune tana ƙara musu gishiri. Tun rasuwar mijinta, hirar nan ce ta riƙe ta.

Sai ɗanta Sugeng, mai gyaran firji a Semarang, ya zo hutun Sallah. Ya dubi randar ya yatsine fuska, ya juya ga uwar.

"Mbok, yoyo take yi fa. Ita kaɗai Baba ya bar mana, za ki zuba ido ta lalace?"

"Ba yoyo ba ne, Le, ɗana, gumi take yi. Ƙyale ta."

"Gumi? Noma take zuwa?"

Sugeng ba ya jin kira in ya sa kansa. Tana tafiya kasuwa ya shafe randar da fentin mai, shuɗi mai ƙyalli. Ta yi kyau kam, ba ƙarya.

Da azahar Pak Kromo, wani dattijo mai keken ɗaukar fasinja, ya tsaya kamar kullum. Ya kurɓa, ya furzar.

"Mbah, shayi kika fara rabawa? To ina sukarin?"

Aka yi dariya, amma daga ranar ƙafa ta fara ɗaukewa. Wa zai ratso rana don ruwan ɗumi? Tsohuwa ta koma zama ita kaɗai kusa da randa cike fal. Abin tausayi ne ƙwarai.

Sugeng ya dafa jikin randar ya ji shi a bushe, da ɗumi, sai ya gane ɓarnar da ya yi. Shi ne fa mai gaya wa mutane cewa firji ba ya ƙera sanyi, zafin ciki yake kwasowa ya fitar ta baya, in ka toshe bayan ka kashe shi. Haka randa take: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta, in iska ta busar da shi, da zafin yake tafiya. Hanyar nan ya toshe da hannunsa.

Ya ɗauko wuƙa ya hau kankara. Yana cikin yi sai ji ya yi ƙas, randa ta tsage har gindi.

Uwar ta juya ta shige ɗaki. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Washegari sai ga Pak Kromo yana turo kekensa a hankali, da wata tsohuwar randa naɗe cikin ganyen ayaba.

"Shekarar da na yi aure ko tukunya ba ni da ita, Pak Sastro ya ba ni wannan kyauta. Na sha ruwan gidan nan har na yi furfura, Mbah. Yau ta dawo gida." Ya juya ga Sugeng. "Kai kuma Mai Fenti, ja can baya."

Sugeng ne ya cika ta da kansa. Kafin la'asar ta fara gumi, mutane suka fara tsayawa. Mbah Warsini ta dafa jikin randar, ta shafa danshin a fuska, hawaye na zuba.

"Hannun maigidana ne," ta ce. "Ku sha."

Darasi: Randar da ba ta yarda ta yi asarar ɗigo ba, ba ta yin sanyi. Abin da ka ƙanƙame kana iya kashe shi, wanda ka kyautar kuwa ya san hanyar gida. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu zuwa gida da gwangwanin fenti.