Tantabarun Ciyaman

Gwamnati ta ba da tallafin kwashe tsohuwar bolar bayan gari. Ciyaman ya sa aka lulluɓe ta da yashi, ya ce an gama. Ungulaye kuwa ba su samu labari ba.

Ana gobe masu duba aiki za su zo, ya kira Tanimu mai gadi.

"Kore min ungulayen nan, kuma kada ka tona ko'ina. In na ga ɗaya gobe, a bakin aikinka."

Tanimu ya russuna. "Ranka ya daɗe, waɗanne ungulaye? Ungulu ai sai wurin ƙazanta, kai kuma ka kwashe tas. Amma in ungulaye ne, sai in shaida wa baƙi."

Ciyaman ya daɗe yana kallon sama.

"Tantabaru ne," ya ce.

"Haka na gani. In yanka maka biyu?"