Rantsuwa a Kan Bututun Mai

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Makoda da Kunci, a shekarun nan na wahalar fetur, lokacin da mota kan yi kwana uku a layin gidan mai. Ba zan faɗi sunansa ba, domin 'ya'yansa suna nan da ransu. Yana da tsohuwar Landiroba da ya saya a gwanjo, irin wadda ba ruwanta da yashi ko kunyoyin gona. A duk yankin ita kaɗai ke iya shiga har tsakiyar gona. In kaka ta yi, shi kowa ke nema ya kwaso masa dami zuwa gida.

To, sai bututun ƙarfen da ke ɗauko mai daga tanki zuwa inji ya yi tsatsa, ya fara ɗiga. Duk inda ya ajiye motar, kafin ya gama gaisawa da mutane ƙasa ta jiƙe.

Ya kai ta wurin Mati, tsohon bakaniken da ke bakin kasuwar Kunci. Mati ya kwanta a ƙarƙashinta, ya shafa, ya fito yana girgiza kai.

Ya ce, "Malam, wajen nan ya ruɓe, kuma dab da salansa yake, inda zafi yake. Bar mini ita yini ɗaya tal. In yanke inda tsatsa ta ci, in sa tiyon mai na gaskiya, in matse bakinsa biyu da ƙarfe, shi ke nan."

Yini ɗaya, ya 'yan uwa! Daga hantsi zuwa la'asar! Amma mutumin nan ya tuna a kaka yini ɗaya sawu shida ne, ya ce sai bayan kaka. Ya ja motarsa ya koma gida.

Kun san me ya yi? Ya ɗauki sabulun wankin matarsa, ya shiga ƙarƙashin mota, ya goga a wajen har ramin ya toshe. Yoyo ya tsaya kwana biyu, ya dawo. Ya ƙara gogawa. Matarsa Zulaihatu ta yi ta cigiyar sabulu a cikin gida, har ta soma zargin ɓeraye. Da sabulu ya gaza, sai ya yanko robar cikin taya ya nannaɗe bututun, ya ɗaure tamau. Na ga wasunku suna dariya. Ku yi dariyar, ai na san a cikinku akwai wanda babur ɗinsa ke ƙofar masallacin nan yanzu da irin wannan ɗaurin. Fetur fa cin roba yake yi, a hankali yake narkar da ita. Wannan ko mai facin keke ya sani.

Amma ba sabulun ne ya fi ɓata mini rai ba. Abin da ke ƙona mini zuciya shi ne amsar da yake ba mutane. Duk wanda ya shiga motar ya ce yana jin warin mai, sai ya haɗe fuska ya ce, "Kai ne mai tsarewa ko Allah?" Wani dattijo, Baba Tasi'u, ya ja shi gefe ya yi masa magana a hankali. A gaban jama'a ya ɗaga murya ya ce, "Haba Baba, da furfurarka ba ka san ƙaddara ba?" Kunya ta kama tsoho, shi da ya faɗi gaskiya.

Don Allah ku gaya mini, wane malami ne ya karantar da shi wannan? A wace makaranta? Allah da ya ce mu dogara gare Shi, ba Shi ne ya ba mu hanci mu ji warin fetur ba? Ba Shi ya ajiye Mati a Kunci da kayan aikinsa ba? Mutum ya ƙi tsayawa yini ɗaya saboda kwaɗayi, sannan ya kira abin tawakkali! Kai, jama'a!

Mutumin nan yana da maƙwabci, Abdussalam, mai baki tara a gida. Shekarar da ta wuce bai samu komai ba, iyalinsa da kwaɗon zogale suka ƙarasa damina. A wannan shekarar Allah ya dube shi. Dawarsa ta yi kyau, ya ɗaure dami sittin, ya jere su a tsakiyar gona. Abincin gidansa ke nan na shekara, ba shi da wani.

Abdussalam mutum ne mai tsantseni. Har ya yi magana da masu jakuna su kwashe masa, ko da zai ɗauki kwana huɗu. Mai Landiroba ya ji labari, ya same shi a ƙofar gida, ya ce wane irin maƙwabtaka ne wannan, ga mota a bayan katangarka ka je neman jaki?

Abdussalam ya ce, "Ba haka ba ne, maƙwabci. An ce motar tana yoyon mai, ga gona ta bushe ƙayau. In an gyara, ai kai ne a gaba."

Mutumin nan ya dubi tsabar idonsa ya ce, "Wallahi tallahi an gyara. Jiya Mati ya sauya bututun."

Musulmi ya ji an ambaci sunan Allah, me zai ce kuma? Abdussalam ya je ya sallami masu jakuna.

Washegari da rana tsaka mota ta shiga gona, ta tsaya a gindin damin. Aka loda mata har sama. Da mai motar ya zo tashi, ƙafar baya ta nutse a yashi. Ya taka totur, ta yi gurnani, ba ta motsa ba. Ya ƙara takawa. Salansa ta yi zafi jau, ga busasshen kara da ganyen dawa sun cushe a ƙarƙashi. Robar nan da fetur ya daɗe yana ci ta saki gaba ɗaya, mai ya feso a kan ƙarfe mai zafi.

Wuta ta tashi fuu! Ya diro, ya cusa hannuwa ƙarƙashi wai zai toshe bututun, da ƙyar aka janyo shi. Kun san yadda gonakinmu suke, wannan manne da wannan, ba abin da ya raba su sai layin gamba, ita ma a bushe. Ga iska. Mutane suka yi ta bugu da rassan darbejiya, suna watsa ƙasa, ina! Gona biyar ta ci kafin ta mutu, har da ta mai motar. Damin Abdussalam ko ɗaya bai tsira ba.

Da Mati ya zo ganin ɓarna, aka yi masa ca, wane irin gyara ya yi? Ya ce, "Ni? Rabona da motar nan tun kafin a yanke gero." Nan kowa ya gane.

Mota ta zama baƙin ƙarfe a tsakiyar gona. Yatsun mai motar suka ƙanƙance saboda ƙuna, ba ya riƙe sitiyari, ba ya riƙe fartanya. Gonarsa ta fita daga hannunsa wajen biyan ɓarna, a zaman da aka yi gaban mai gari. A kasuwa in ya ce yau Talata, sai an tambayi wani.

Da ya samu ya miƙe daga jinya, ya je gidan Abdussalam neman gafara. Ya tarar mutumin yana ɗaure kayansa zai tafi ci-rani. Matar Abdussalam, Maijidda, ta yi kwanaki tana zuwa gonar da rariya, tana tankaɗe toka, tana tsince ƙwayar da ba ta gama ƙonewa ba. Tuwon wannan dawar ne a gaban yaran a zaure, baƙi, mai ɗaci, suna ci suna yamutsa fuska.

Ya durƙusa ya ce a yafe masa.

Abdussalam ya ce, "Nawa na yafe maka, duniya da lahira. Nasu kuwa, ga su nan, tambaye su da kanka."

Ya juya ya dubi yaran, su ma suka ɗago suna kallonsa. Ya tashi ya fice.

Ya 'yan uwa, laifin da ke tsakaninka da Ubangijinka, in ka tuba da gaske Yana yafewa. Haƙƙin mutane kuwa sai masu shi sun yafe. Rantsuwar ƙarya ba ta tsayawa a kan wanda ka yi wa ita, tana shiga gidansa har kwanon 'ya'yansa. Abin da ka san ya lalace a hannunka, ka gyara shi kafin ka ɗora rai ko abincin wani a kai. In ba ka gyara ba, ka buɗe baki ka ce ban gyara ba, mutum ya san inda zai nufa. Wannan ma wuya ce?

Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙin wanda ba za mu iya kallon idonsa ba. Allah ya tsare harsunanmu daga rantsuwar ƙarya, ya kiyaye mana abin da muka noma. Amin.