Soron Gandu da Giginyunsa

A zamanin da, tun ƙasa na da sarakuna masu faɗa a ji, an yi wani Sarki mai gidan gandu a bakin kogi, tafiyar yini guda daga birni. Zaure uku ake ratsawa kafin a kai tsakar gidan. A nan wani babban soro yake tsaye, mai ɗaurin guga, wato rufin baka ba ginshiƙi a tsakiya, zankwayensa na hango kogi, faɗinsa kuwa ya isa mutum ɗari su zauna ba a takura ba. Bayan katanga akwai kurmin giginya. Al'adar maginan ƙasar ce, kowane Sarkin Magina ya shuka giginya domin wanda zai gaje shi, don daga tsohuwar giginya ake tsaga azara, itacen rufi da gara ba ta ci.

Sarkin Magina na lokacin shi ne Jatau, tsoho mai shekara saba'in. Ubansa ne ya gina soron, har ya danna tafin hannunsa a ɗanyen yaɓe bisa ƙofa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, Jatau zai hau ya sabunta yaɓe da makuba mai hana ruwa shiga, ya share indararo, ya sauya azarar da ta gaji. Ba shi da ɗa. Soron nan shi ne ɗansa, shi ne kuma ubansa.

Ana nan sai wani falke ya zo fada, ya cika kunnen Sarki da labarin gidajen gabas, inda ruwa ke gudu a gindin bango, furanni na leƙa taga. Sarki ya kasa cin abinci. Ya ce kafin damina yana son gandunsa ya zama haka. Waziri Ɗanbaba, mutumin da bai taɓa riƙe tubali ba amma ya iya riƙe zuciyar Sarki, ya faɗi ya ce shi zai ɗauki aikin: zai sare giginyun, ya jawo ruwa har gindin soro.

Jatau ya durƙusa. "Allah ya ba ka nasara, ginin ƙasa yana jure ruwa ta ka, ba ya jure shi ta ƙafa. Mutanen gabas da dutse suke gini. Giginyun nan kuma ba ado ba ne, haƙarƙarin soron ne na gobe."

Waziri ya yi murmushi. "Zaki, tsufa ne. Itacen da ba inuwa, ba ƙamshi, sai tsawo, me zai tsinana wa Sarki?"

Fadawa suka yi dariya, Sarki ma ya taya su.

Kwana arba'in ana sara. Jatau yana zaune bakin katanga yana jin faɗuwarsu ɗaya bayan ɗaya: na kakansa, na ubansa, har 'yan matasan da shi ya shuka. Aka gangara da gumagumansu kogi, ruwa ya tafi da su. Aka haƙa magudana daga kogi ta zagaye soron, aka dasa rumman da lemun tsami har jikin bango. In za a faɗi gaskiya, wurin ya yi kyau. Kyawun nan ne ya fi ci wa Jatau rai, don ya san babu mai sauraronsa kuma. Sau uku yana zuwa fada, sau uku dogarai na cewa Sarki ya shiga gida. Duk da haka ya hau ya yi yaɓensa kamar kullum, hawaye na zuba cikin kwaɓin.

Da damina ta yi tsakiya, wata ranar Talata da hantsi, ba hadari ba iska, soron ya durƙusa kamar raƙumi, ya kwanta.

Waziri ya riga kowa zuwa fada. Ya ce yaɓen tsoho ne ya yi sakaci, ruwan sama ya shiga. Aka kawo Jatau a ɗaure. Bai ji tsoron takobi ba, don a ganinsa an riga an kashe shi. Abin da ya ƙi shi ne a ce hannunsa ne ya ka da aikin ubansa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a kawo mini tubali biyu daga kangon, da tulun ruwa, da akushi."

Aka kawo. Ya ɗauki ɗaya mai sauran makubarsa, ya ce Waziri ya kwarara wa tubalin ruwa a ka. Ruwa ya zame, tubali na nan daram. Ɗayan kuwa ya zaunar da shi cikin akushi, ya zuba ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba. Kafin a kira azahar gindinsa ya jiƙe, ya narke, ya kife.

Sarki ya daɗe yana kallon akushin. Sa'an nan ya sa aka kwance Jatau, aka warware rawanin Waziri a gaban jama'a, aka yanke masa hukuncin cike magudanar da hannunsa, kwando kwando. Ya kuma kafa doka cewa duk wanda ya sare giginya ba da yardar magina ba, a kore shi daga ƙasar.

Ya juya ga Jatau ya ce, "Baba, an ba ka gaskiyarka. Tashi ka mayar mini da sorona."

Jatau ya ce, "Da wace azara, Zaki? Ɗaurin guga mai faɗin nan sai giginyar da ta shekara sittin. Duk ƙasar nan kurmi ɗaya ne ke da irinta."



Washegari Jatau ya koma gandu da buhun ƙwallon giginya. Ya bi kututture kututture yana binne ɗaya a gefen kowanne, alhali ya san ba shi ba, ba Sarki ba, cikinsu babu mai ganin azararsu. Da ya gama ya shiga kango yana tona ɓaraguzai, har ya samo guntun yaɓen nan na bisa ƙofa. Yatsu uku kaɗai suka rage. Ya ɗora nasa a kansu, ya zauna nan cikin taɓo, yana ta ba ubansa haƙuri.