Ramin da Nkwabi Ya Rufe da Gungume

Akwai wani mai ramin zinare a nan wajenmu, bayan garin Kahama, ana ce masa Nkwabi. Bawan Allahn nan bai san zama ba. Ko tuwon masara a tsaye yake cinsa, hannu a kwano, ido a bakin rami.

Lasisinsa na haƙa ya kusa ƙarewa, kuma sharaɗin sabuntawa kowa ya san shi: ramin da ka gama da shi ka cike shi da duwatsun da ka fitar, ka mayar da ƙasar sama, ka dasa itace. Shi kuwa yana da tsohon rami a gefen gonar mahaifiyarsa, mai zurfin da in ka jefa dutse sai ka saurara kafin ka ji faɗuwarsa.

To, mahaƙanmu sun yarda wai zinare tafiya yake a ƙarƙashin ƙasa, ramin da ya bari bana yana iya dawowa cikinsa baɗi. Shi ya sa cike rami yake musu ciwo.

Mahaifiyarsa, tsohuwa Kabula, ta ce, "Ka cike abin nan in samu wurin dankali."

Ya ce, "Mama, bar min harkar rami, na fi kowa saninta."

Sai ya jera gumaguman itace a bakin ramin, ya shimfiɗa buhuna, ya zuba ƙasa, ya dasa ciyawa. Ya ce wa tsohuwa an cike, amma kar ta yi shuka sai ƙasa ta zauna.

Jami'a Lyimo, mai duba ramuka, ta zo ta ga fili kore shar. Ta yaba, lasisi ya fito. Nkwabi ya dinga yi wa maƙwabta dariya suna jidar duwatsu. "Ku yi ta jida, bayanku zai ba ku labari."

Damina ta zo ta wuce. Rannan sai ga waya daga Lyimo. Wai filinsa ta zaɓa abin koyi, ranar Asabar za ta kawo mahaƙa su gani, a dasa itace a tsakiyarsa.

Daga nan hankalin Nkwabi ya tashi. Ya je ya tona gefen filin da sanda, gungumen ya ruguje a hannunsa kamar gari. Gara ta gama da shi. Ya ce ya gyara, ya ga ido zai gani. Ya ce ya yi ƙaryar ciwo, ya tuna ko babu shi za a zo. Ya shiga gida ya fita, ya sake shiga.

Ranar Asabar ya jera benci can nesa, gindin mangwaro. Duk wanda ya nufi filin sai ya tare shi. "Zo inuwa mana, rana ta yi zafi."

Wani maƙwabcinsa ya ce, "Nkwabi, yau cinnaka ne a wandonka?"

Aka gama jawabi, sai Lyimo ta ce, "Mai gona ce za ta dasa itacen. Mama, bismillah. Kowa ya biyo ta a ɗau hoto."

Tsohuwa Kabula ta miƙe cikin sabon zane, fartanya a kafaɗa, tana murmushin alfahari da ɗanta. Jama'a suka bi bayanta.

Nkwabi ya san in ya buɗe baki lasisi ya tafi. In ya yi shiru, ƙila gumaguman su riƙe. Wallahi sai da ya tsaya yana lissafin nan, abin da har yau yake ba ni haushi ke nan. Amma da ƙafarta ta taɓa ciyawar, ya ruga ya riƙe mata hannu.

"Mama, kar ki taka. Ban cike ba. Itace ne a ƙasa, kuma gara ta cinye shi."

Nan take Lyimo ta sa kowa ya ja baya, ta sa maza biyu suka gangaro da babban dutse kan filin. Ciyawa ta lotsa, ƙasa ta buɗe, dutsen ya ɓace. Sai da aka saurara kafin aka ji faɗuwarsa.

Tsohuwa ta dubi ɗanta ta ce, "Ka ce kar in yi shuka, ba ka ce kar a bi ba. Ta nan 'yarka take wucewa kullum zuwa ɗibar ruwa."

Nkwabi ya zauna a ƙasa daɓas. Ranar ce na fara ganinsa a zaune.

An dakatar da lasisinsa. Yanzu haka yana can yana jidar duwatsu, maƙwabta in sun wuce sai su ce, "Sannu da aiki, ya bayan?"

Darasi: Dokar cike rami ba don jami'i aka yi ta ba, don masu taka ƙasar ne, kuma yawanci naka ne a gaba. Ka gyara abin da ka ɓata da gaske, kar ka rufe shi don ido. Tura wa wanda ka san yana da ramin da ya lulluɓe.