Ranar da Ungulaye Suka Tsaya wa Uwaisu

Akwai wani mai hoto a Sharada, wajajen shekarar 1981, ana kiransa Uwaisu. Hoton fasfo yake ɗaukar ma'aikatan kamfani, da shi yake ci da iyali. Amma abin da ya shiga ransa, ko ku yarda ko kada ku yarda, ungulu ce.

Duk Lahadi sai ya hau keke zuwa Challawa, gindin wani rimi a bayan kamfanonin fata, da ƙunshin tarkacen nama. Tun ungulayen na gudunsa har suka saba. Da sun hango farar hularsa sai su sauko. Akwai wata mai ɗingishi da ya sa wa suna Gwaggo, a hannunsa take cin nama.

Matsalar ɗaya ce. Kyamararsa tsohuwa ce, ba ta son motsi, ita kuwa ungulu ba a ce mata tsaya. Duk hoton da ya wanke sai ya fito dishi-dishi.

Ana nan sai wani mai ɗab'i a Bompai ya ga hotunan, ya ce, "Kawo mini wanda ya fito tangaran kafin ƙarshen wata, in sa shi a kalanda da sunanka a ƙasa."

Sunansa a kalanda! Tun daga ranar kan Uwaisu ya kumbura.

Ya taɓa jin cewa masu kama ungulu kan barbaɗa garin taba a nama, in ta ci jiri ya hana ta tashi. Ya je ya sayo. Matarsa Zuwaira ta tarar da shi yana cuɗa naman.

"Haba Malam," in ji ta, "tsuntsayen nan amana suka ba ka. Ka yi haƙuri, wata rana za su tsaya maka."

"Ke me kika sani a harkar hoto? Jiri ne kawai, anjima su wartsake."

Bai san awo ba, sai ya zuba da yawa.

Da hantsi suka sauko kamar kullum. Gwaggo ce ta fara karɓa daga hannunsa. Can sai suka yi tsit, fukafukai a buɗe, rana na haska su. Ya yi ta ɗauka har fim ya ƙare, ya hau keke yana murna, ko waiwaye bai yi ba.

Washegari ya koma da nama mai kyau, wai ya ba su haƙuri. Ya tarar da su zube a gindin rimin, ƙuda na bi. Gwaggo na nan daidai inda ya bar ta. Ya durƙusa ya yi kuka kamar yaro, amma kukan bai tashe ta ba.

'Yan kaɗan da suka tsira kuwa, da sun hango farar hula sai su yi sama. Ya sauya hula, ya sauya riga, ya yi ta zuwa har rimin ya zama ba ko ɗaya.

Kalanda ta fito, hoto ya yi kyau, har a shagon shayi an rataye shi. Kuma duk wanda ya gane Uwaisu sai ya tare shi da fara'a: "Malam, wai yaya aka yi suka tsaya maka haka?"

Har ya koma ga Allah bai taɓa amsa tambayar ba.

Darasi: Wanda ya amince da kai, ko dabba ce, kada ka cuce shi don neman suna. Gaggawa na iya ba ka abin da kake so, amma ba ta dawo maka da abin da ka kashe. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani zai tsaya ya yi tunani.