Iyar da Musbahu Ya Zaɓa

Akwai wani matashi a unguwar Sa'alaba mai suna Musbahu, haihuwar Jidda. Shi kaɗai Allah ya bar wa mahaifiyarsa Bara'atu. Direba ne a gidan kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, wani Balarabe ana ce masa Turki, Musbahu ke kai masa 'yarsa Lama makaranta ya ɗauko ta.

Turki, wanda Musbahu ke kira Ammu, wato baffa, mutum ne mai son farauta. Ya riƙa zuwa da Musbahu wurin koyon harbi, sai ga yaro da saiti, abin da ya auna sai ya samu. Tun daga nan kai ya fara kumbura.

Wata shekara Turki ya ce zai tafi da shi duwatsun Kazakistan farautar ayil. Wani ƙaton naman dawa ne dangin barewa, ya kusa kai sa girma, ƙahonsa kamar rassan busasshiyar bishiya. Ba ya bari a matso shi, sai dai a harbe shi daga nesa, daga wannan dutse zuwa wancan.

Masu masaukinsu na can suka aiko tambaya, wace irin bindiga za a tanadar wa kowa.

Ranar Bara'atu tana zaune tana tsinke lalo, ta ji Musbahu a waya yana zuba Larabci da sauri. Ita Larabcinta na cefane ne, abin da ta tsinta kawai shi ne "iyar, iyar". A duk zamanta a Jidda wuri ɗaya ta san ana faɗin wannan kalma, kasuwar gwal. Iyar ashirin da ɗaya, iyar sha takwas. Ranta ya yi fari tas. Ashe yaron nan ya samu mata, har an kai ga zancen sarƙa!

Yana ajiye waya ta ce, "Babana, shawarar iyar ake yi ba a sa ni ba?"

Ya ce, "Ammu Turki ya nace sai babba. Ni kuwa ƙarami nake so, Ummi. Babban tagil ne, nauyi gare shi, yana dukan kafaɗa."

"To ka ɗauki ƙaramin mana. Kada ka ɗora wa kafaɗarka abin da ya fi ƙarfinta don a yaba. In da albarka ai ya isa. Allah ya sa albarka."

Musbahu ya yi dariya har da riƙe ciki, amma bai warware mata ba.

Abin da baiwar Allah ba ta sani ba, masu bindiga ma iyar suke ce wa girman harsashi. Turki ya riga ya gaya wa Musbahu cewa ƙaramin harsashi in ya yi doguwar tafiya a gajiye yake isa, zai huda dabba mai wannan jiki amma ba zai kayar da ita ba. Shi kuwa Musbahu so yake a dawo ana labari, an ce da ɗan ƙaramin abu ya kayar da ƙato daga nesa.

Nan take ya sake kiran waya. "Halas ya Ammu, magana ta ƙare, Ummi ta zaɓa min ƙarami, har ta sa albarka."

Turki ya haƙura. Wa zai ja da albarkar uwa?

Suka tafi, suka dawo.

Tun daga bakin ƙofa Bara'atu ta ga ba ɗanta da ya tafi ne ya dawo ba. Babu hoto, babu labari, babu cika baki. Ta tambaye shi hanya, ya ce alhamdulillah, ya shige ɗaki.

Washegari bayan azahar, lokacin da rana ke korar kowa daga titi, unguwa ta yi tsit sai ƙugin na'urorin sanyi, ta ɗora nama a tukunyar nan mai fito. Tukunya na fara fito ta ji faranti ya tarwatse a bayanta. Musbahu ne tsaye, ya toshe kunnuwa.

"Kin ji shi, Ummi?"

"Wa? Tukunya ce, Babana."

"La, la. Kafin tukunyar."

Ta kashe wuta, ta zaunar da shi. A nan ya gaya mata komai, har ma'anar iyar. Ya ce ya auna daidai, ya harba, ya samu. Ayil bai faɗi ba, kuma bai gudu ba. Ya juyo ya dubi dutsen da suke kwance, nisan da ko mutum ba zai hango su ba, amma shi a madubin bindiga ya ga idon yana kansa. Sai ayil ɗin ya ɗaga kai ya yi kuka. Kukansa fito ne siriri mai tsawo, ya ƙare da gurnani, kamar ana ja wa mutum rai.

Suka bi jini har ƙanƙara ta rufe sawu. Ba a gan shi ba, a raye ko a mace. Tsohon da ke musu jagora bai ƙara cin abinci kwano ɗaya da Musbahu ba.

Bara'atu ta dafe ƙirji. "Innalillahi. Da bakina na sa wa abin nan albarka?"

Kullum sai Musbahu ya ji kukan, kuma da rana tsaka. Da farko ya ce daga wajen teku yake zuwa. Bayan kwanaki ya ce daga bakin layi. Ta kai shi wurin malami aka yi masa ruƙya, ta yi sadaka, ta daina ɗora tukunyar gaba ɗaya.

Ta roƙe shi ya nemi hutu a wurin aiki. Ya ce, "Yalla Ummi, so kike a ce na haukace?"

Rannan ya ɗauko Lama daga makaranta, suna tsakiyar babban titi ya taka birki da dukkan ƙarfinsa. Motar baya ta dake su. Allah ya tsare, yarinyar goshi kawai ta fasa. Da aka tambaye shi, ya rantse wani abu mai ƙaho ne ya tsaya a gabansa, jini na bin cikinsa. Babu wanda ya ga komai.

Turki da kansa ya kawo shi gida. Bai yi faɗa ba, bai taɓa iƙamarsa ba, wato takardar izinin zamansa. Mukullin mota kawai ya karɓa, ya ce, "Ya Ummu Musbahu, riƙe ɗanki a kusa."

Da ya tafi, ta lura yaron a karkace yake tafiya, hannunsa dafe da gefen ciki. Ta ɗauka buguwar mota ce. Asibiti suka yi hoto, suka ce lafiyarsa ƙalau.

"Tun yaushe yake maka ciwo?"

"Tun a jirgi."

Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta daure ta tambaya.

"Babana, a ina ka same shi? Ayil ɗin."

Musbahu ya kamo hannunta, ya ɗora a ƙasan haƙarƙarinsa na hagu. Wurin sanyi ƙalau, a wannan zafin na Jidda.

Darasi: Kada ka gwada gwanintarka a kan abu mai rai. In wanda ya fi ka sani ya ce kayan aikinka bai isa ba, ka ji, domin dabbar da ba ta da baki tana da Ubangiji. 'Ya'ya, ku ji tsoron Allah, ku daina karɓar albarkar iyaye da wayo. Mu kuma iyaye mata, mu riƙa tambaya kafin mu ce Allah ya sa albarka. Don Allah ku tura wa 'ya'yanku da ƙannenku, ko mutum ɗaya ya tsira.