Agogon da Ke Rayuwa a Hannu

Akwai wani mutum, manomin citta, wanda yayansa Filibus ne ya rene shi tun yana maraya. Da matar Filibus ta rasu, sai tsohon ya kwanta. Likita ya duba shi, bai ga ciwo ba. Ya daina zuwa gona, ya daina zuwa sujada, tuwo ma sai an yi ta lallashi. Manomin kuwa tsoro ya kama shi ƙwarai, gama ya ga yayansa yana ƙarewa a hankali, shi kuma ba shi da abin yi.

A shekarar nan Ubangiji ya sa wa cittarsa albarka. Sai ya tashi ya tafi birni, ya shiga shagon da manya suke sayen agogo, domin ya kawo wa yayansa abin da zai sa ya ɗaga kai.

Mai shagon ya ajiye masa agogo biyu a kan jan ƙyalle. Na farko na zinariya ne, yana walƙiya har sai mutum ya kanne ido. Na biyu farin ƙarfe ne, bayansa gilashi.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, dukansu ba mai batir. Na zinariyan, murza masa ɗan kan nan ake yi kowace safiya, daga kwance ma ana iyawa. Wannan kuwa motsin hannun mai shi ne abincinsa.”

Manomin ya juya na ƙarfen, ya leƙa ta gilashin. Jama'a, ni da nake ba ku labarin nan na taɓa leƙa irinsa, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. 'Yan ƙarafa ne masu haƙora, waɗansu ba su kai ƙwayar gero ba, wannan yana tura wancan, ba mai taka ɗan'uwansa. Can tsakiya wani siririn abu yana bugawa kamar zuciyar tsuntsu. A bisansu kuma wani ƙarfe mai siffar rabin wata yana lilo duk sa'ad da hannu ya motsa. Mutumin ya daɗe a tsaye bakinsa a buɗe, har ya manta da na zinariyan.

Ya ce, “In aka ajiye shi fa?”

“Sai ya tsaya.”

“To, shi nake so.”

Ya kai wa Filibus. Tsohon ya yi godiya da baki, ya sa agogon cikin akwati, ya juya fuska wajen bango. Bayan 'yan kwanaki ya aika a kira ƙanensa. Ya miƙa masa agogon, ya ce, “Auta, an cuce ka. Ya mutu. Duk abin da ya shigo ɗakin nan mutuwa yake yi.”

Manomin ya durƙusa, ya ɗaura agogon a tsintsiyar hannun yayansa, wadda ta rame har sai da ya matse madaurin zuwa ramin ƙarshe. Ya kama hannun nan da nasa biyu, ya yi ta kaɗa shi a hankali, gaba da baya. Sa'an nan ya kai shi kunnen tsohon.

Filibus ya kasa kunne. Idanunsa suka cika da hawaye. Ya ce, “Ashe da ransa?”

“Da ransa, Yaya. Hannunka yake jira.”

Tsohon ya ƙura wa agogon ido, yana kallon siririn hannun agogon yana zagawa. Can ya ce, “Miƙo mini sandata. Bari in ga cittar nan taka da ake ta magana.”

Ma'anar wannan misali ita ce, mu ne agogon nan. Ku 'yan baya masu gyangyaɗi, ku farka, da ku nake. In ɗan adam mai cin tuwo ya iya shirya ƙarafa haka, ina ga Wanda ya shirya jijiyoyinku, ya sa zuciya tana bugawa tun kuna ciki, ba ta taɓa neman hutu ba? Amma duk kyawun shirin nan, ba mu da rai na kanmu. A hannun Ubangiji muke tafiya. Wanda ya kulle kansa cikin akwatin baƙin ciki zai tsaya, har ya ce ya mutu, alhali komai nasa yana nan lafiya.

Abin da ke ba ni haushi da mu shi ne, ɗan'uwa yakan tsaya, mu aika masa da gaisuwa daga nesa, mu ce mun yi zumunci. Manomin nan bai aika ba, durƙusawa ya yi ya kama hannu. Na san kowannenku ya san wani da ya daina zuwa, wanda wurin zamansa a bencin nan yake fayau. Kada ku ce ya mutu. In an tashi sujada yau, ku bi ta gidansa kafin ku tafi naku.